Shingen Injiniya Mainasara

"Ni da lantarki nono guda munka sha," in ji Mainasara mai gyaran rediyo a kasuwar Boɗinga. "Ta san hannuna, ba ta cizo na."

Abokina, kada ka ruɗu. Wata biyu kacal ya yi a Kaduna yana riƙe wa wani tocila, ya dawo ya rubuta "Injiniya" a ƙofar shago. Rediyon da ya shiga hannunsa da tari, gawarsa ake fitarwa. 'Yan kasuwa na kiransa Ajalin Rediyo, shi ko gogan ya ɗauka kirari ne.

A shekarar tsuke bakin aljihu, da kayan gyara suka yi ɓatan dabo, Alhaji Sodangi ɗan kwangila ya kawo masa akwatin ɗumama abinci da ya sayo a Jidda, ya daina aiki. Mainasara bai taɓa ganin irinsa ba, amma ya rantse ya gyara hamsin. Ya farke masa ciki, ya kasa mayarwa, ya ce wa Alhaji ai kwanansa ne ya ƙare. Sai ya ɓoye taransifomar ciki da wani ɗan gwangwani mai ƙaho biyu.

Ana nan Hammadu, mai lambun albasa a Danchadi, ya zo yana kukan awaki sun gama da shi.

"Kwantar da hankalinka," in ji Mainasara. "Shingen waya mai lantarki za ni yi maka. Akuyar da tat taɓa shi, har jikokinta ba su komawa."

Ranar kasuwa ya kafa turaku huɗu a bayan shago, ya zagaye su da waya, ya zuba lawashi a tsakiya. Ya haɗa wayar da taransifomar da gwangwanin nan, ya jawo wuta daga janaretan mai niƙa, ya aro akuyar Inno mai fura. Jama'a suka yi da'ira.

Taransifoma ta kama gurnani, hayaƙi ya tashi. Akuya ta shinshina, ta ja da baya, ta kwanta tana tuƙa. Can janareta ya yi tari ya mutu, geron mata rabi a niƙe, mai niƙa na zage-zage.

"Waya ta tas saki," in ji Mainasara, yana naɗe hannun riga.

"Bari shi huce, Injiniya," in ji Hammadu.

"Inji ya mutu, mi ar rage? Wanga aiki ba noman albasa ba ne."

To, gwangwanin nan mugun ɗan riƙo ne, ko an cire wuta tana nan maƙare a cikinsa. Sarkin sani ya ɗora yatsu biyu kan ƙahonin. Aka ji tau, aka ga ƙafafu a sama, ya faɗa ƙwaryar nonon Inno, wando sharkaf, kuma ba duka ne nono ba.

A amalanke aka kai shi asibiti. Likita ya ce saura ƙiris zuciya ta tsaya. Yatsun nan kuwa sun ƙandare ke nan, ko sukudireba ba su ƙara riƙewa ba.

Hammadu ya zo dubiya. Mainasara ya ɗaga kai da ƙyar ya ce, "Ka gaya wa mutane gwajin bai ƙare ba."

"Ya ƙare, Injiniya," in ji Hammadu. "Shingenka na aiki. Dabba guda tat taɓa shi, kuma ga alama ba ta komawa."