Muryar Yaya Sanusi da Filashina

Ba zan taɓa mantawa da Juma'ar da na zuba wa kwamfutar Yaya Sanusi sabuwar manhaja ba. A gidanmu na Bungudu ni ne masanin na'ura (ilimin nawa kuwa duka-duka ɗan kwas ne da na yi a Gusau, rabinsa ma a wajen mai shayi na ƙare shi).

Yaya Sanusi wana ne, ya rasu a hatsarin mota a hanyar Tsafe. Ya bar kwamfutar tebur, a cikinta akwai karatun Alƙur'anin da ya naɗa da muryarsa, har da tarinsa da dariyarsa idan ya yi gyara. Babu shi a ko'ina sai nan. Inna, mahaifiyarmu, takan sa in kunna mata, ta zauna a tabarma tana gyaɗa kai.

Kwamfutar ta tsufa, kafin ta buɗe sai ka gama cin tuwo. Na ce fomat za a yi mata, a goge komai a zuba sabo.

"Kada dai ka taɓa min muryatai," in ji Inna.

"Haba Inna, ni ne fa!"

Na jawo alamar karatun daga fuskar allo na jefa a filash. Nan take ta shige, har na yaba wa filashin da sauri. Wata 'yar kibiya da ke gindin alamar kuwa, ado na ɗauke ta. Na goge kwamfutar tas, ina fito.

Bayan sallar Juma'a ƙannen Inna suka zo gaisuwa, ta ce su ma su ji ɗansu. Na gyara hula, na soka filash, na danna. Kwamfuta ta ce ba ta ga abin ba. Na sake dannawa. Na zare filashin na hura masa iska (kada ka tambaye ni dalili). Sai a lokacin na gane cewa mai kibiyar nan nuni ne kawai zuwa inda karatun yake, kamar kwatancen gida. Kwatancen na adana, gidan kuwa na rushe shi da hannuna.

"Mi ya hwaru?" Inna ta tambaya.

Na nuna mata allon. Ta daɗe tana kallon allon, sannan ta naɗe tabarmarta.

"Bari, ɗana. Allah ya ji shi tun ran da ya karanta."

Wallahi da ta mare ni da ya fi mini sauƙi. Na kai kwamfutar wurin masu gyara a Gusau, suka ce sabuwar manhajar ta hau kan wurin.

Yanzu kafin in goge kwamfutar kowa, sai na kai filashin wata na'urar na buɗe abin na ji da kunnena. Na ƙware, har koyarwa nake yi. Sai dai Inna ce ta biya kuɗin wannan karatun, kuma ba ta taɓa yi mini gori ba.