Ranar da Na Wanke Lambobin Surukina

Na yarda ni wawa ne, amma har gobe raina a ɓace yake. Laifin me tsabta ta yi?

Mijin 'yata Bilki likita ne a nan Landan, kuma ba shi da abin so kamar tara lambobin yabo na sojojin Jamus na yaƙin duniya na farko. Ran nan ina gidansu a Stratford, sun fita aiki, na hango lambobin cikin akwatin gilashi, duk sun dafe. Na ce kai, mutum da iliminsa amma ƙazami haka? Ni da na shekara ashirin ina goge-goge a tashar jirgin ƙasa! Na samo soson ƙarfe da lemon tsami. Wata mai siffar gicciye sai da ta sa ni zufa kafin baƙin ya fita.

Ashe baƙin fenti ne na asali, ya haura shekara ɗari. Har da shi ake rarrabe ta gaske da jabu. To wa ya gaya min?

Da surukin ya dawo ya juya ta a hannu, da faɗa ya yi da sauƙi. Sai ya durƙusa ya ce, "Baba, sannu da aiki."

Yanzu an sa wa akwatin kwaɗo. Duk ranar da za mu je, matata Hajiya sai ta laluba aljihuna ta ce, "Malam, bar soson a gida. Takardun digirinsa ma sun fara tsufa."