Yadda Na Shanye Ruwan Suna da Kunnena

Ba zan taɓa mantawa da ranar sunan 'yar Yaya Hadiza ba, ko da ina so in manta, domin a gidanmu ba a barin abin kunya ya huce. Har yau idan wani ya buɗe famfo ruwa ya zubo da ƙarfi, sai an sami mai waiwayowa ya dube ni yana danne dariya.

Bari in fara gaya muku irina. Ni ce yarinyar nan da idan baƙi suka yi sallama, sai ta tuna tana da wanke-wanke a bayan ɗaki. A aji layin ƙarshe nake zama, jikin taga, kuma ko na san amsa ba na ɗaga hannu. Amma fa ina da ido. Na san malamin lissafinmu yana sosa kunnen hagu kafin ya kira mutum gaban allo. Na san wace kazar Umma ce ke fara saukowa daga akurki. Ina taƙama a raina cewa babu abin da ke wuce ni. (Ku riƙe wannan yabon kai da na yi, zai yi muku amfani an jima.)

Gidanmu a unguwar Abatuwa yake a Jos, kuma gidan hayaniya ne. Keken ɗinkin Umma, rediyon Baba idan ya dawo daga Farin Gada inda yake sayar da kayan gwari, ga ƙannena da ba sa magana sai da ihu. Wuri ɗaya ne nawa: wani siririn lungu tsakanin bayan ɗakin Umma da katangar maƙwabtanmu, gidan Oga Emeka mai shagon kayan famfo. Akwai gwaiba a lungun, da rabin bulo da nake zama a kai.

Abin da ke kai ni can ba gwaibar ba ce. A bayan gidansa Oga Emeka ya tara duwatsu kan juna, ruwa na fitowa daga na sama yana gangarowa cikin wani ɗan kwarmi. Sau ɗaya na gan shi da idona, ranar da aka aike ni kai wa matarsa, Maman Chioma, naman layya. Amma kullum ina jin sa ta katanga. Da na dawo makaranta sai in cire takalmi, in lallaɓa, in jingina kaina da bango. Ƙarar ba irin ta famfo ba ce mai faɗa, ba kuma irin ta ruwan sama a kan kwano ba. Wata 'yar ƙul-ƙul ce mai laushi, kamar tsohuwa na ba jikanta labari ƙasa-ƙasa. Idan aka yi mini dariya a aji don muryata ta maƙale, nan nake kawo abin in ajiye. Kafin a kira la'asar ƙirjina ya saki.

Na lura cewa duk sa'ad da aka ɗauke wuta, ruwan yakan yi shiru. Ni da basirata sai na yanke cewa Oga Emeka ne ke rufewa, don ba ya son ɓarna a cikin duhu. Ban taɓa tambayar kaina wane duhu ake yi da ƙarfe biyun rana ba.

To, sai Yaya Hadiza ta haihu, haihuwar fari, ta dawo gida wanka. Goggo Lami, yayar Baba, ta taso daga Bauchi don ita ce mai yi mata wankan jego. Gida ya cika da 'yan barka. Kowace ta shigo sai ta kama haɓata ta ce, "Wannan ce mai shirun? Ke ba kya magana ne?" Ana cikin haka taransifomar unguwa ta ƙone. Wuta ta tafi, famfo dama ya daɗe da manta hanyar gidanmu, bohol ɗin da ake saye ma ya tsaya. Ni kuwa abin da ya dame ni daban: na je lunguna na manna kunne da katanga, tsit. Washegari ma tsit. A makon da na fi bukatarsa, ruwan ya yi mini yaji.

Ana gobe suna Baba ya sha wahala kafin ya samo 'yan garuwa daga nesa suka cika babban duron da ke kan bulo a bakin lungun. Goggo ta rufe shi da langa-langa, ta ɗora dutse, ta juyo ta yi mana jawabi.

"Wannan na girkin suna ne da wankan maijego na yamma. Wanda na kama da moɗa a nan, ni da shi."

Ni ban je da moɗa ba. Da tiyo na je.

Ranar suna da hantsi, an gama raɗa wa jaririya suna, maza sun watse, dangin mijin Yaya sun fara cika tsakar gida. Kaina ya yi nauyi kamar an ɗora mini turmi. Na zame na shiga lungu, sai wata dabara ta faɗo mini. Duwatsu dai a Jos ba saye ake yi ba. Na tattaro su na jera kan juna yadda na gani a gidan Oga Emeka, na ajiye tsohuwar tasa a ƙasa. Na ɗauko guntun tiyon da ke rataye a kicin, na zura bakinsa ta bayan duron ƙarƙashin langa-langa, na zuƙi ɗaya bakin yadda nake ganin 'yan bumburutu na zuƙo fetur. Ruwa ya taho.

Niyyata mai kyau ce, wallahi. Idan tasa ta cika in mayar cikin duro, babu wanda ya yi asara.

Da farko ƙarar ba ta yi ba, kamar ana wanke kwano. Sai na zuba tsakuwa a cikin tasar, ta yi laushi. Na karkata dutsen sama kaɗan, ruwan ya rabu biyu. Nan na ji ta, ƙul-ƙul ɗin nan tawa. Daɗi ya sa na shiga ƙawa: na tsinko jajayen furannin da suka leƙo ta katanga na jera a gefe, na sa ɓallin madubi a gindin tasar don ruwan ya riƙa walƙiya. Na shimfiɗa farin hijabina na makaranta don kada ankona ya ɓaci, na kishingiɗa. Na ce bari in rufe ido kaɗan.

Tun asuba nake tsaye ina jigilar kwanuka. Kun san sauran.

Muryar Goggo ce ta tashe ni, a saman kaina.

"Kada wadda ta taɓa ta! Ku ja baya!"

Ban buɗe ido ba. Abu na farko da na lura da shi (ga idon nan nawa, sai bayan an gama ɓarna yake aiki) shi ne babu ƙarar ruwa. Tiyon na wani irin shaƙe-shaƙe, irin na bututun da ya kai ƙasan kofi. Bayana ya jiƙe sharkaf. Na gane duro ya ƙare. Na kuma ji numfashin mata da ƙarar awarwaro, lungu ya cika maƙil. Sai na yi abin da na saba yi duk sa'ad da duniya ta yi mini yawa: na yi lamo, na ce idan ban motsa ba wataƙila su gaji su tafi.

"Kun ga madubi?" in ji Goggo. "Kun ga jan fure? Ga farin ƙyalle. Ai kayansu ne! Aljanin ruwa ne ya shige ta, shi ya shanye mana duro."

"Dama ni na faɗa," wata daga dangin miji ta ce, "shirun yarinyar nan ba na lafiya ba ne. Tun da muka zo ko sannu ba ta ce ba."

"Kullum fa a lungun nan take wuni," ƙanwata ta ƙara, don ita ba ta taɓa ganin wuta ta ƙi zuba mata kalanzir ba. "Ita kaɗai, tana murmushi da bango."

Aka yi ta salati. Aka kawo garwashi a kasko, Goggo ta barbaɗa tazargade da habbatussauda, ta kara mini a hanci. Hayaƙin ya shiga har ƙwaƙwalwata. Na danne tari, jikina ya ɗauki rawa saboda dannewar.

"Kun gani ko? Ya ji zafi! Kai wane ne? Me 'yar mutane ta yi maka? Ranar farin ciki za ka zo ka kunyata mu gaban surukai?"

A nan na auna abin a raina, kuma ba zan ɓoye muku ba, na ɗan yi sha'awar aljanin. Idan shi ne, ba ni da laifi, shi ya shanye ruwa. Idan ni ce, sai na buɗe baki gaban mata cike da lungu na bayyana abin da ko ni ban san yadda ake faɗarsa ba. Har na fara tunanin wace irin murya aljanin ruwa yake yi.

Sai na ji kukan Umma. Ba mai ƙara ba, irin na ciki-ciki, tana cewa, "Ni ce ban kula da ita ba, Goggo. Ina can kan keke, yarinya na lalacewa a bayan ɗakina." Wata kuma na cewa a aika a kira Malam, a ce ya taho da shiri.

Na buɗe ido. Fuskoki ne jere a kaina, ɗaurin ɗankwali iri-iri sun tare sama. Na tattaro duk muryar da Allah ya ba ni, ta fito kamar ta sauro.

"Ƙarar ruwan nake so."

"Ya yi magana!" Goggo ta daka tsalle baya. "Kun ji da kunnenku! To ba za ka samu ba, fita za ka yi!"

"Goggo, ni ce."

"Haka suke cewa."

Allah kaɗai ya san inda za mu ƙare da Maman Chioma ba ta kutso ba, zaninta a tattare, silifas ɗinta duk taɓo. Ashe ruwan ta rariyar ƙarshen lungu ya bi ya fita, ya malale ƙofar gidanta, shi ya sa babu wanda ya gan shi a tsakar gida.

"Hajiya, wane ne ya buɗe kogi a ƙofar gida na?"

Ta dubi duwatsun, ta dubi tiyon, ta dube ni kwance cikin hayaƙi kamar kifin banda. Sai ta dafa bango ta fashe da dariya har da hawaye.

"Goggo, cire wannan wuta! Yarinya ba shi da aljani. Fawunten na oga na ne ya kwaikwaya. Har ya fi namu kyau, ga fulawa!" Ta share ido. "Ai kullum yana zama bayan katanga na. Ina ganin kan hijabi daga taga na kicin. Idan na ga ya dawo makaranta, ni ne nake kunna masa."

Wannan maganar ta fi hayaƙin shaƙe ni. Sirrin da nake ɓoyo kamar ƙwai, ashe ana kallona ana soya miya.

"Kunnawa?" na ce.

"Eh mana. Inji ne ƙarami a ƙasa. Bokiti ɗaya ne ruwan, shi ne yana hawa yana sauka, yana hawa yana sauka. Kina tsammani muna da rafi a gida?"

 Sai lungu ya kece da dariya. Matar da ta ce shiruna ba na lafiya ba ne har da zama a ƙasa. Daga ɗaki Yaya Hadiza na kiran a zo a gaya mata, da aka gaya mata ta riƙe ciki tana roƙon a daina don Allah. Goggo ce kaɗai ba ta yi dariya ba, tana riƙe da kaskonta, don ita ma ta sha nata rabon kunyar, kuma ta san wa za ta ɗora wa.

Umma ta goge fuska da gefen mayafi, ta dube ni ta ce, "Da kin ce mini kanki na ciwo, da na ba ki ɗakina kin rufe." Da ta mare ni da ya fi mini sauƙi.

Maman Chioma ta ce a zo a ɗiba daga tankinsu. Goggo ta ce an gode, amma mai ɗibar mutum ɗaya ce. Haka na wuni da bokiti a ka, cikin jiƙaƙƙen anko, ina ratsa tsakar gida cike da baƙi, in fita in dawo. Duk shigowata sai an yi guɗa. Wata ta ce, "A hankali, kada ki saurare shi a hanya!" Shinkafar suna ba ta sauka ba sai bayan la'asar, wankan maijego kuwa ni na hura wutarsa, ni na tsinko darbejiyar. A cikin baƙin akwai uwar wata 'yar ajinmu, don haka ranar Litinin kafin in ajiye jaka an riga an raɗa mini nawa sunan: Aljanar Duro.

Da aka gyara wuta, Maman Chioma ta aiko Chioma ta ce in daina zaman bayan katanga kamar ɓarauniya, in shigo ta ƙofa. Yanzu nakan je. Akwai ɗan benci kusa da duwatsun. Sai dai kafin in kai gare shi dole in yi sallama, in gaida mutanen gida, in amsa tambayar makaranta, wato duk abin da na gudu lungu don kada in yi.

Abin da na koya bai da yawa. Idan kin ga abu a gidan mutane ya burge ki, ki tambaya yadda yake aiki kafin ki zura tiyo. Idan kuma aka same ki cikin ɓarna, ki buɗe ido da wuri ki ce ke ce, domin muddin kika yi shiru a gidanmu, akwai Goggo da za ta yi magana a madadinki. Har yanzu idan ta zo daga Bauchi, kafin ta amsa gaisuwata sai ta tofa mini addu'a a ka, wai ko da an bar saura.