Layin da na goge

Lokacin da 'yan gudun hijira suka cika Jimeta, abokiyar aikina Dija ta rubuta kod, wato umarnin kwamfuta, na shafin intanet da muke yi musu rajista da shi. Ni aka ba dubawa, tunda ni ne gwanin ofis, a ganina.

Na gyara zama na ce, "Dija, aikinki yana buƙatar shara." Na daidaita layuka, na sauya sunaye, har na iso wani dogon layi mummuna, da rubutun Fulatanci a samansa: "Taa meemu." Shekarata goma a Yola, Fulatancina bai wuce gaisuwa ba, girman kai kuma ya hana ni tambaya. Na goge shi, har ina yaba wa kaina.

Ashe shi ke riƙe sunaye idan netwok ya ɗauke. Washegari kuwa ya ɗauke. Tsofaffi da masu goyo da suka wuni a rana, sai da aka sake kiransu rajista daga farko, don sunayensu sun ɓace.

Dija ko murya ba ta ɗaga ba. Ta ce, "Hamma, 'Taa meemu' ɗin nan, kar a taɓa ke nan fa."

Har yau, ko kwanon abincina na miƙa wa hannu a ofis, sai wani ya ce, "Taa meemu!"