Kurus a Hawan Hanyar Sunkani

Ko zan manta komai, ba zan taɓa mantawa ba da ranar da Kawu Buba ya gwada tuƙina. An yi mini canjin wurin aiki daga Jalingo zuwa wata makaranta a Sunkani, Baba kuma ya kafe cewa ba zan riƙa tuƙa kaina kullum ba sai Kawu, wanda ya tsufa a tuƙin babbar mota, ya ce na iya. In ya ce a'a, shi ke nan, sai motar haya, mu huɗu a baya har da buhun wani a cinyata.

Motata mai giyar hannu ce, amma tana da wani maɓalli a jikin sitiyari da ake kira kurus. In ka kai gudun da kake so ka danna, sai ta riƙe maka totur, ka ɗauke ƙafa ta ci gaba da tafiya. Ka taɓa birki ko kuloci, ta sake. (Wannan na ƙarshen, wallahi, wanda ya sayar mini ya faɗa. Ni ce kunnena ya tsaya a "ɗauke ƙafa".)

Muka fita gari lafiya lau. Na kauce wa masu Keke, na ba awaki haƙƙinsu, har Kawu ya gyaɗa kai sau biyu. Da na yi shiru da na ci. Ina! Sai son a sani ya motsa. Na sa giya ta biyar, na danna kurus, na zare takalmin dama, na naɗe ƙafar a kan kujera kamar mai tsince shinkafa.

"Ke! Ƙafan naki ya je ina?" in ji Kawu.

"Kawu, zamani ne. Motocinku na da ba su san wannan ba."

Can muka iso wani hawa, motar ta fara rage gudu tana karkarwa. Ni kuwa na zauna ina jira ta sauya giya da kanta, tunda ai ita ta karɓi aikin.

"Sauke giya, yarinya!"

Na taka kuloci, kurus ya saki totur nan take. Ƙafar da za ta karɓa kuwa tana naɗe cikin zani, ta yi tsami. Garin warware ta na saki kuloci, mota ta yi tari ɗaya ta mutu, sannan ta fara silalowa da baya a hankali, daidai gaban mata masu sayar da doya. Kawu ya finciko birkin hannu. Wata daga cikin matan ta leƙo tagata, ta nuna Kawu ta ce, "Hajiya, ka bar Baba ya tuƙa mana, kar ka taka doyan mu." Kunya ta rufe ni, na ji kamar in shige ƙarƙashin kujera.

Amma ban ba da sitiyarin ba, in mutu. Da ƙafa ɗaya babu takalmi na tayar da ita, na haye da giya ta ɗaya ba ta ja baya ko taku ba, hawaye na zuba ina cewa ƙura ce.

Da muka koma gida, Kawu ya ce wa Baba, "Tayarwa a kan hawa ta iya, a bar ta. Girman kan ne ba ni da maganinsa." Sannan ya nemo baƙin salatif ya liƙe maɓallin.

Har gobe ina nan kan bakana: wanda ya ƙera abin da zai riƙe totur ya bar maka giya, rabin aiki ya yi. Salatif ɗin ma na ɓare shi tun a makon. Sai dai na koyi cewa in za ka yi wa tsohon direba burga, ka yi ta a shimfiɗaɗɗiyar hanya, da takalminka a ƙafa.