Notin Tabarau Ya Yi Tsalle

"...lafiya lau, tsoho! Amsa da sauri, ba ni da lokaci!"

"Gaisuwar ke nan? Ko ɗan tsako ya fi ki ladabi."

Haka Gajera ta faɗo shagon kakanta mai gyaran agogo, tana haki, da wani abu naɗe a hankici. Ɗaliba ce a makarantar koyon sana'a. Sati shida tana yankan tagulla, tana gugar ta da magagari har yatsunta suka yi kanta, ta ƙera tabarau na rana da hannunta. Ƙarfe goma malamai za su duba aikin kowa, wanda nasa bai kammala ba kuwa sai baɗi. Ga shi tara ta gota.

Ta warware hankicin. Kai, abin ya yi kyau, sai ƙyalli yake! Sai dai hannun tabaran ɗaya a ware yake gefe.

"Iye! Tarkon ɓera kika ƙera mana?"

"Tarkon tsofaffi ne. Kalli ƙyalli, Kaka! Ni na yi, ni kaɗai!"

"To, na mai kunne ɗaya ne?"

"Notin ne ya gudu. Na zo hure garin ƙarfe daga kan tebur, na hure har da shi."

Kaka ya tuntsire da dariya har da buga cinya. "Ke da bakinki kamar zugazugi! Shekara arba'in ina wannan aiki, ko atishawa sai na fita waje."

"Ai shi ya sa agogunanka ke tafiya irin taka, kowanne da sanda."

"Ni? Ranar da aka haife ki, da ma'aunin agogo aka auna tsayinki. Har yau ba ki ƙaru ba."

"Ni dai haƙorana talatin da biyu. Kai fa?"

"Huɗu, amma kowanne jarumi ne."

Yana zolaya yana zazzage gwangwanin notuna a kan faranti. Na agogon hannu ya yi ƙanƙanta, na agogon bango ya yi ƙato. Suka gwada ɗaya bayan ɗaya har goma sha biyu, babu wanda ya zauna. Agogunan bango kuwa, kamar da gayya, duk suka nuna goma saura kwata.

Gajera ta dubi agogunan, ta dubi tabaranta. Yarinyar da ba a taɓa cin ta a baki ba, sai ga idonta ya ciko. Tsohon bai ji daɗin wannan nasara ba ko kaɗan.

Ya zare tabaran da ke fuskarsa, wanda da shi yake ganin cikin agogo, ya tura mata tare da ƙaramin sukundireba.

"Kwance notin hagu. Ki rufe bakin nan kuma, kar ki yi numfashi."

"Kaka, da me za ka yi aiki?"

"Da zare zan ɗaure. Yi sauri!"

Ta kwance, ta ɗaura a nata. Notin ya zauna daram, hannun ya buɗe ya rufe, ƙyas! Ta daka tsalle har ta kusa kifar da farantin.

"Ya yi! Kaka, ya yi!"

"Na ji, kin ci, 'yar ƙwal uba. Ruga!"

Ta kai bakin ƙofa ya ɗaga murya, yana lalube neman zare yana dariya.

"In suka yaba, ki ce musu tagulla taki ce, amma notin nan ya girmi ubanki!"