Gajeruwar Bindiga Ta Mata Ce

Ba zan taɓa mantawa da abin da Bitrus ya ja mini ba, har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Lokacin masaƙarmu ta Bompai ta rufe, ina zaune a Panshekara ba aiki, ga matata da tsohon ciki. Sai Bitrus, maƙwabcina mai aiki a wata majema a Challawa, ya ce suna neman shugaban masu gadi, har ya gaya musu ni tsohon soja ne. (Ni da ko tsuntsu ban taɓa harba da danƙo ba.) Na hau shi da faɗa, ya ce in kwantar da hankalina, zai koya mini komai a kan babur kafin mu isa.

Yana tuƙi yana bayani, iska tana kwashe rabin maganar. Abin da na tsinta kawai shi ne bindigar soja akwai doguwa akwai gajeruwa, kuma harsashinsu duk lamba 7.62 ne.

Mai yi mini tambayoyi wani dattijo ne, tsohon Manjo, ga manaja da sakatariya a gefe. Ya ajiye kwanson harsashi biyu a tebur, ya ce wanne ne na bindigar G3, wanne ne na AK. Na ce ai duk ɗaya ne, ranka ya daɗe, wanda ka samu ka cusa. Ya tsayar da su kusa da juna. Kaurinsu ɗaya, amma na G3 ya fi tsawo nesa ba kusa ba. Maimakon in kama bakina, da ya tambayi amfanin gajeruwar bindiga, sai na gyara zama na ce ta sojoji mata ce, saboda ba ta da nauyi.

Sakatariya ta kifa kanta a tebur tana dariya. Manjo ko murmushi bai yi ba.

"Malam, da ita na yi yaƙi, a cikin mota da lunguna inda doguwa ba ta juyuwa. Ashe mace ce ni ban sani ba?"

Ya ce sojan gona laifi ne, ya miƙa hannu zai ɗauki waya ya kira 'yan sanda. Sai da na durƙusa ina ba shi haƙuri kafin ya ce in ɓace masa da gani.

Abin takaicin, a bakin ƙofa Bitrus ya tare ni wai na kunyata shi a gaban manyansa. Shi! Na ƙi hawa babur ɗinsa, na taka da ƙafa har gida ina huci.

A hanyar nan na gane cewa "ban sani ba" ba ta taɓa sa an kira wa mutum 'yan sanda ba.